Ku Tambayi Kawu: Wai laccar talauci a jami'a tana cika rumbu ne?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Makon nan saƙonni huɗu na ware saboda duk kusan abu ɗaya suke zagayawa, wato laccocin nan da jami'o'i suke gayyato baƙi su yi a kan talaucin duniya da hulɗar ƙasashe. Masu tambayar maganin basir da na rikicin gado ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki, ni ɗalibi ne ɗan aji biyu a jami'a, ƙauyenmu yana ƙasar Gagarawa. An kawo mana wani tsohon jakada yayi lacca kan talauci a duniya, a ciki yace duk wanda yake rayuwa a ƙasa da dala 3 a rana yana cikin matsanancin talauci. Da nazo hutu nake ba Baba labari sai ya ɓata rai yace shi tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe dala ba, amma rumbunsa biyu cike da gero ga shanun huɗa ga tumaki, wai yaushe wani mai kwat zai zauna a inuwa ya sa masa suna matalauci. Ni kuma na rasa me zance. Waye da gaskiya tsakaninsu?

AMSA: Ɗana, da farko ka gaida min Baba kace ina bayansa rabi da rabi. Amma laifin naka ne kaɗan, don ka ɗauko kan maganar ka baro jelarta a ɗakin lacca.

Dala 3 ɗin nan ba dalar 'yan canji na Wapa bace. Ma'auni ne na Bankin Duniya, kuma ya daɗe yana canzawa, a 1990 dala 1 ce, aka mai da ita 1.25, a 2015 ta koma 1.90, a 2022 ta zama 2.15, sai a 2025 aka kai ta dala 3. Abin da ake nufi shi ne abin da wannan kuɗin zai iya saya, an daidaita shi da farashin kowace ƙasa, don kwanon gero a Gujungu da burodi a Amurka ba kuɗinsu ɗaya ba. Sannan masu ƙididdigar in sun shigo gida ba aljihu suke lalubawa ba, tambaya suke me aka ci a gidan nan cikin kwanakin nan, kuma geron da aka ɗebo daga rumbu aka daka aka yi tuwo ana yi masa kuɗi a saka a lissafi kamar saye aka yi. To kaga rumbun Baba bai ɓace ba, yana ciki. Inda gizo ke saƙa shi ne ana raba abin da yawan bakin da ke gidan. Rumbu biyu ga mutum biyar arziki ne, rumbu biyu ga mutum 19 kuwa kai ma ka san watan da ake fara auno a tiya, yawanci kafin sabon gero ya nuna an fara kallon akuya ana tunanin ranar kasuwa.

Mu ma a nan gida muna da namu ma'aunin. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi bincike a 2018 zuwa 2019 ta ce duk wanda abin da yake ci da kashewa bai kai naira 137,430 a shekara ba matalauci ne, in ka raba kusan naira 376 kenan a rana da kuɗin wancan lokacin. Da wannan aka samu kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya, mutum kusan miliyan 83, Jigawa kuma ta fito da kashi 87, ita da Sakkwato da Taraba ne a sama, Legas bata kai kashi 5 ba. A 2022 hukumar ta sake fitar da wani ma'aunin da ba ruwansa da kuɗi sosai, shi yana duba ne ko yara suna zuwa makaranta, nisan asibiti, ruwan da ake sha, banɗaki, da abin da ake girki da shi, itace ne ko kara ko kashin shanu. A wannan mutum miliyan 133 suka faɗa ciki, kashi 63 cikin 100, kuma a karkara abin ya kai kashi 72.

To nan ne nake so ka koma wajen Baba cikin ladabi, kada ka tambaye shi dala, ka tambaye shi in haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare a damina awa nawa ake yi kafin a kai ta asibitin da ke da likita, kuma me ake sayarwa a biya. Wannan shi masu lissafin suke kira talauci. Shi kuma Baba abin da yake karewa mutuncinsa ne, don a Hausa in kace wa magidanci matalauci kamar ka ce ya kasa riƙe gidansa ne, kuma yana da gaskiya cewa ma'aunin bai san zumunci ba, bai san gayya ba, bai san cewa in gidanku ya ƙone kafin azahar dangi sun tara muku dami goma ba. Jakadan bai ƙirga wannan ba, Baba kuma bai ƙirga asibiti ba.

TAMBAYA: Malam Kawu ni manomi ne kuma ina ɗan taɓa harkar riɗi da zoɓo da wake a yankin Maigatari. Yaron wajena ya karɓi kuɗin mota wai zai je Dutse sauraron lacca kan difulomasiyya, nace masa wannan ai zancen manya ne masu yawo a jirgi, mu ina ruwanmu. Don Allah ka faɗa masa gaskiya ya daina ɓarnar kuɗi.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa, amma wallahi yau kam yaron zan goya wa baya, kuma da kayan da ke cikin sitonka zan kafa maka hujja.

Fara da wake. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda an samu maganin ƙwari mai yawa a jikinsa, irin fiya-fiyar nan da ake zubawa a buhu don kada ya huje, kuma aka yi ta tsawaita hanin shekara bayan shekara. Zoɓo kuma babbar mai sayensa a wajenmu Meziko ce, can suna jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi, akwai lokacin da suka dakatar da karɓa saboda wani ƙwaro da ake samu a kayan ajiya, aka ɗau shekaru ana kai-kawo tsakanin jami'an ƙasashen biyu kafin su sake buɗe ƙofa. Kai da kake harkar ka fi ni sanin yadda buhu yake zama a sito ba mai tayawa in 'yan kwantena suka daina zuwa. Wannan kai-kawon da ake yi har a buɗe ƙofa, shi ne difulomasiyyar da kace ba ruwanka da ita.

Sai taki. A ƙarshen 2016 Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko kan sinadarin fosfet, aka farfaɗo da masana'antun haɗa taki, har gwamnati ta sa farashin buhun kamfa naira 5,500, ko da yake ba kowa ya same shi a haka ba, kowa ya san yadda abin gwamnati yake kafin ya iso ƙauye. Da Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairun 2022, sinadarin fotash da ake sayowa daga Rasha ya maƙale sai da aka nemo daga Kanada, iskar gas da ake yin yuriya da ita ta yi tsada a duniya, farashin taki ya tashi har a Gumel da Malam Madori. Alkama ma haka, sai da Majalisar Ɗinkin Duniya da Turkiyya suka shiga tsakani a watan Yulin 2022 aka bar jiragen hatsi suka riƙa fita ta tekun Bahar Aswad, yarjejeniyar ma shekara ɗaya tayi ta rushe. Mutumin da bai san inda Yukiren take a taswira ba ya rage buhun taki ɗaya a gonarsa saboda ita.

Amma duk wannan nesa ne, ga wanda ya faru a ƙofar gidanka. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke musu wuta. Alhaji ka tuna yadda kasuwar Maigatari ta koma a ranakun Alhamis na lokacin? Karar shanun da a da sai ka kutsa da kafaɗa, raƙuma da bijimai daga Damagaram, ta zama fili, masu dako da 'yan kamasho da mata masu tuwo-tuwo da yara masu sayar da ruwa kowa yayi jugum, ga manyan motoci jere a hanya albasa na ruɓewa a ciki. Sai watan Maris na 2024 aka buɗe. Kuma abin da ya ba ni sha'awa a lokacin, tawagar farko ta ECOWAS da Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi suka je bata samu ganin Janar Tchiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, ba, amma Muhammadu Sanusi II, lokacin ma ba ya kan karaga, yaje ya gan shi, daga baya malamanmu suka je su ma aka saurare su. Dalili kuwa a fili yake, harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya, da sanin yadda ake shiga zauren mutum a yi sallama a zauna a gaisa kafin a kawo magana. Wannan ilimin ai namu ne tun zamanin fatake, masu kwat ɗin ne suka sa masa sunan boko.

Kuma kada ka ɗauka aikin na wasu jinsi ne daban. Marigayi Ɗan Masanin Kano Yusuf Maitama Sule ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1980, har ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Sule Lamido na Bamaina shi ne ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande ɗan Kebbi ya shugabanci babban zauren Majalisar a 2019 zuwa 2020. Duk a ƙasar nan tamu suka taso suna cin tuwon dawa. Ka bar yaro yaje, amma ka ɗora masa sharaɗi, in ya dawo ya zauna a kan tabarma ya fassara maka abin da aka faɗa da Hausa tsaf, in ya kasa to shi ne zai biya kuɗin motar daga ribar riɗinsa.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙauyen Sumaila, ba ɗalibar jami'a bace. Ina ganin sanarwar irin waɗannan laccoci a Facebook ina sha'awa amma ina jin tsoro kada a kore ni a ƙofa, kuma turancina ba wani mai ƙarfi bane. Ana barin irinmu? Kuma tsakani da Allah akwai amfani?

AMSA: 'Yata ana bari. Duk laccar da aka rubuta ta jama'a ce to ta jama'a ce, ba tikiti ba katin ɗalibi, iyaka ki yi sammako ki samu kujera kusa da lasifika. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, gidan marigayi Malam Aminu Kano wanda yanzu cibiya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, suna yin taron tunawa da shi duk shekara, ya rasu ne 17 ga Afrilun 1983, kuma can kam za ki ga 'yan kasuwa da tsofaffin 'yan NEPU da mata, ba 'yan boko zalla ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido a Kafin Hausa da ta Wudil su ma sukan yi nasu, Wudil ce ma ta fi kusa da ke.

Batun amfani kuma ba zan rufe ki ba, wata laccar zinariya ce wata kuma ɓata yini. Na taɓa zuwa wata a wata jami'a da ba zan kama suna ba, an ce ƙarfe 10, babban baƙo bai iso ba sai bayan azahar, aka yi kusan awa guda ana gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya da saraututtukansu, janareta ya mutu sau biyu majigin ya ɗauke, shi kuma mai laccar ya duƙar da kai yana karanta takarda shafi wajen talatin ko sau ɗaya bai ɗago ya kalle mu ba. Da aka zo tambayoyi sai mai gabatarwa yace saboda ƙurewar lokaci mutum biyu kawai, kuma duk biyun daga layin gaba aka zaɓa, su ma yabo suka yi ba tambaya ba. A bayana akwai wani dattijo da ya taso tun daga yankin Guri da hularsa duk ƙura, ya ɗaga hannu har ya gaji, da muka fito nake tambayarsa me yaso faɗa, yace so yake ya ji me yasa ciyawar kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa shekara da shekaru, gonaki a wani gefen suna nutsewa wani gefen kuma ruwa baya isa, alhali kullum ana zuwa da motoci ana ɗaukar hotonsu. Wallahi tambayarsa ta fi laccar gaba ɗaya. Daga nan na ɗau darasi, in zan je nakan rubuta tambayata a takarda tun daga gida, gajeriya, in miƙa wa mai gabatarwa tun kafin a fara.

Ke ma haka za ki yi, kuma ki yi ta da Hausa in turancin zai ba ki wahala, a Kano ko Jigawa ba za a rasa mai fassarawa ba. Kuma kina da abin faɗa fiye da yadda kike zato. Ke kika san ranar da madarar gyaɗar nan ta yara masu tamowa ta yanke a asibitinku, da yadda uwa take dawowa da yaro sati biyu a jere ana ce mata babu. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje wato USAID, Ingila ma da ta rage tallafinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigarta a 2021 ta sanar za ta sake ragewa zuwa 0.3, to mai lacca adadin ya sani, ke kuma kin san fuskar yaron. Sannan ki tuna rigimar allurar shan inna, a 2003 Kano ta dakatar da ita saboda zargi, aka yi wata da watanni ana lallashi da gwaje-gwaje, sai a 2004 aka ci gaba da maganin da aka kawo daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, sarakuna da malamai suka shigo ciki, har a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Waɗanda suka ƙarasa wannan aikin mata ne irinki masu bi gida-gida da akwatin ƙanƙara a rana. Amina Mohammed da take mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, 'yar Gombe ce, kuma tana cikin waɗanda suka tsara muradun ci gaban duniya guda 17 na Majalisar na 2015 da na farkonsu shi ne kawar da talauci kafin 2030, saboda haka kada ki shiga kina raɓe-raɓe.

TAMBAYA: Kawu gajeriya ce tawa, daga wani malamin firamare a ƙasar Ɓaɓura. Ba gaskiya bane cewa turawan nan da talaucinmu suke cin abinci, laccar ma duk yaudara ce?

AMSA: Malam, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka amma kada ka kwanta a kanta. Gaskiya ne ba ƙasar da ke ba da kyauta don Allah zalla, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, waɗanda suka ga tsarin SAP na 1986 lokacin Babangida sun san askin, an karya darajar naira an janye tallafi albashin malami ya koma ba ya kai rabin wata. Gaskiya ne kuma tun 1970 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin ba da kashi 0.7 na kuɗin shigarsu, ƙalilan ne suka taɓa cikawa.

Amma a 2005 ƙasashen da ake kira Kulob ɗin Paris sun yafe wa Najeriya dala biliyan 18 cikin kusan biliyan 30 da suke bin ta, muka biya wajen biliyan 12, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi, aka ce rarar za ta tafi makarantu da asibitoci. To Malam kai da kake cikin aji kullum, ɗaga kai ka kalli rufin ajin naka ka faɗa min bature ne ya hana a gyara shi? A Maputo a 2003 shugabannin Afirka da bakinsu suka ce za su ware kashi 10 na kasafin kuɗi ga noma, a Abuja a 2001 suka ce kashi 15 ga lafiya, ba wanda ya sa musu bindiga, kuma gwamnatin tarayyarmu ta daɗe tana ƙasa da waɗannan adadin. Chaina kuwa da ta fitar da mutum kusan miliyan 800 daga talauci cikin shekara 40 ba da tallafin kowa ta fara ba, a 1978 wasu manoma 18 a wani ƙauye mai suna Shiyawogang suka dangwala hannu a ɓoye suka raba gonar gandun gwamnati kowa ya noma tasa, amfani ya ninka, daga baya gwamnati ta bar tsarin ya bazu, aka bi da hanyoyi da wuta da masana'antu.

In an sake kawo wani jakadan kusa da ku, ka shiga motar Ɓaɓura ka je, ka tafi da rajistar ajinka a hannu, ka karanta masa yara nawa aka rubuta a farkon zango da nawa suka rage bayan an fara cirar gyaɗa, ka tambaye shi a cikin yarjejeniyoyin da ya sa wa hannu wacce ce ta shafi waɗanda suka ɓace ɗin. In ya amsa ka rubuto min abin da yace, zan buga shi a wannan shafin yadda ka aiko.